Haƙorin Makkan Hajiya, daga Paki zuwa Kudan

Abin da na fara gani da muka isa Paki shi ne goron Hajiya. Yana nan cikin ɗan kwanonsa a gefen tabarma, amma duk ya yamushe ya yi baƙi. Hajiya kakata ce ta wajen uwa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin goro ya kwana a wannan kwanon ba.

Mun tashi daga Ikara bayan sallar asuba, ni da Kawu, a motar wani abokinsa. Mama tana jego, shi ya sa aka ce ni in je tunda muna hutu, in riƙa riƙe wa Hajiya jaka da buta. Da ta fito daga ɗaki ta rufe baki da gefen mayafi. Kumatunta na dama ya kumbura har idon ya ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kurma aka turo mini?" in ji ta. Haka take ce mini saboda ba na yawan magana. "To, yau mun zama mu biyu."

Ashe ta daɗe tana ɓoye ciwon. Ta tauna kanumfari, ta kuskure baki da ruwan gishiri, ta shafa man zafi, ba ta gaya wa kowa ba sai da wata maƙwabciya ta kira Kawu a waya. Haƙorin da ke ciwon shi ne haƙorinta na Makka, na azurfa, wanda ta sa shekarar da ta sauke farali tare da marigayi kakana, tun Mama tana ƙarama. Ta san abin da za a ce mata a asibiti, shi ya sa ta yi shiru.

Hanyar Makarfi ba ta yi mata daɗi ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta runtse ido ta damƙe gwiwata. Gonakin rake ne hagu da dama, masu babura sun ɗauro shi a gicciye sun cika hanya kamar shanu masu dogon ƙaho. A wani ƙauye direba ya tsaya ya sayi rake, yana mitar cewa har shi ma ya yi tsada, ya miƙo mana baya ba tare da ya juyo ba. Hajiya ta karɓa ta yi godiya, ta ɗora a cinya. Ni ma na kasa shan nawa a gabanta.

A Makarfi muka samu layi a wajen likitan haƙori, yawancinsu tsofaffi, kowa ya tallafe haɓa. Wani dattijo yana ba da labarin yadda ya cire nasa da zare, ba wanda ya iya yin dariya sosai. Da aka kira Hajiya na bi ta da jaka. Aka auna jininta, likitan ya haska fitila a bakinta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce azurfar murfi ce kawai, haƙorin da ke ƙarƙashinta ya ruɓe har saiwa, kuma ruwan ciwon ya fara hawa sama.

"Baba, sai dai a cire. In aka bar shi zai iya taɓa ido, ko abin da ya fi haka."

"Ɗana, ba za a wanke a mayar ba?"

"Ba abin da za a mayar da shi a kai, Baba."

Ya ba ta magani, ya ce mu dawo jibi in kumburin ya ɗan sauka. A bakin mota Hajiya ta ce ba za ta koma Paki ba, a kai ta Kudan wajen aminiyarta Iya. Kawu ya fara cewa ai Iya ba ta gane mutane yanzu. Hajiya ta kalle shi kawai, ya buɗe mata ƙofa.

Iya tsohuwa ce siririya, ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Tare suka tashi da Hajiya, tare suka je Makka, kuma cikin duk waɗanda suka yi wannan tafiyar su biyu suka rage. Mun same ta a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga wake, sai ta mayar da tsakuwar cikin waken. Ƙamshin mazarƙwaila yana shigowa daga bayan gari. Surukarta ta shimfiɗa mana tabarma.

"Sannunku da zuwa," in ji Iya. "Baƙi daga ina?"

Hajiya ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan mahaifinta, ta ambaci unguwar da suka yi ƙuruciya. Iya tana ta cewa "Allah sarki" irin yadda ake ce wa baƙo. Kawu ya yi sallama ya koma Ikara, ya bar mu.

Da la'asar aka kawo kunun gyaɗa don ta sha magani. Dole ta sauke mayafin. Tana buɗe baki sai Iya ta ajiye faifan wake, ta matso da gwiwa, ta kama haɓar Hajiya ta juya ta wajen haske.

"Delu, ke ce?" Ban taɓa jin wani ya kira kakata da wannan sunan ba. "Naki yana nan? Nawa ya daɗe da tafiya."

Hajiya ta yi dariya, dariyar ta yi mata zafi, hawaye ya zubo, ban san na wanne ba ne. Suka shiga hira. Wai mai shagon da ya sa musu haƙoran ba ya jin Hausa, da yatsa suka nuna masa. Wai Iya ce ta fara zama a kujera don Hajiya tana jin tsoro. Wai da suka dawo sun yi ta gaishe da mutanen da ba su sani ba don dai su yi murmushi.

"Ke har akuya kin yi wa murmushi," in ji Iya.

"Ƙarya kike, ke ce dai."

Washegari da safe Iya ta sake ce mana baƙi daga ina. Hajiya ba ta ɓata lokaci da sunaye ba. Ta zauna a gabanta ta ɗaga leɓenta na sama da yatsa, duk da na san taɓa wurin kamar taɓa wuta ne. Iya ta gane ta. Haka suka wuni, ta manta a nuna mata, ta manta a nuna mata. An yi faten tsaki da rana, Hajiya ta sha romon kawai ta gefen hagu, kanta a karkace.

Da yamma Kawu ya kira a wayar surukar Iya don a shirya tafiyar gobe. Hajiya ta ce masa ta fasa, ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Ni nake shafa mata ruwa a goshi, na san jikinta da zafi. Iya tana zaune kusa, a lokacin tana cikin hankalinta. Ta ɗora bayan hannu a kumatun Hajiya.

"Wannan ai garwashi ne. Ki je a cire, Delu. Ba haƙori za a tambaye mu a kabari ba."

"In an cire, da me za ki gane ni?"

"Ni? Ni ce ba zan gane ki ba?" Iya har ta ɓata rai. "Kin ji ki da wata magana."

Da safe muka yi sallama. Iya ta yi mana addu'ar Allah ya kai baƙi gida lafiya.

A asibiti abin bai daɗe ba. An yi mata allura, na riƙe hannunta ina kallon silifas ɗinta, ɗaya ya zame daga ƙafarta. Ƙarar faɗawar haƙorin cikin faranti kawai na ji. Wata ma'aikaciya ta wanke azurfar ta naɗe a auduga ta ba mu. Da Hajiya ta buɗe a mota sai na ga ɗan abu ne kamar ɓawon gyaɗa, cikinsa baƙi. Kawu ya ce ta adana, in ta je Kudan sai ta nuna wa Iya. Ta girgiza kai. Bakinta cike da auduga, da ƙyar na ji abin da ta ce.

"A tafin hannu ba ni ba ce."

Gidanmu na Ikara muka wuce da ita don Mama ta kula da ita. Kumburin ya sauka, ta fara cin tuwo mai laushi, likita ma ya ce wurin yana warkewa. Amma ta rage magana, kuma ko ita kaɗai ce a ɗaki mayafin yana bakinta. Kafin wannan tafiyar na ɗauka ciwon haƙori ciwo ne kawai, a cire a huta. Yanzu na san tsoho yana iya zaɓar zafi da saninsa, in abin da za a raba shi da shi ya fi zafin.

Jiya da hantsi na kai mata koko, na tsaya a bakin ƙofa na kasa fita.

"Kurma, mene ne?"

"Hajiya, don Allah in za ki koma Kudan ki tafi da ni. Ni na ga haƙorin a bakinki. Zan zauna kusa da Iya in gaya mata ke ce Delu, duk lokacin da ta tambaya."