Yadda Amm Shahata Ya Zama Na'ura

"Tambaya ɗaya na yi maka, ya Amm Shahata. Kai na ciki ne ko na waje?"

"Ni na ƙofa ne, 'yata."

"Babu ƙofa a abin da aka aiko ni in auna. Akwai ɗaki, akwai baranda."

"To wanda ya aiko ki ya zo ya gwada shiga ta bango."

Ustaza Nirmin, mai binciken kuɗi, ba ta yi dariya ba. Daga Alƙahira masu asibitin suka ɗauko ta zuwa Suhaj, don ta gano kuɗin da kwana ɗaya yake ci a ɗakin Inaya, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara. Ta auna iskar da ake ba marasa lafiya, da wutar lantarki, da auduga, har da sabulun wanke hannu, ta raba kowanne a kan gadaje. Umarnin da aka ba ta a fili yake: duk abin da bai hau kan wani gado ba asara ne, a cire shi. Amm Shahata kuwa, wato Baffa Shahata a bakin mutanen nan, mai gadin ƙofar ɗakin, bai hau kan gadon kowa ba.

Ta durƙusa ta duba kujerarsa. Ƙafa biyu na cikin ɗaki, biyu na baranda. Ta riga ta tambayi mai kula da baranda, ya rantse fitilu da tayil kawai ya sani, ba a taɓa damƙa masa mutum ba.

Shahata ɗan ƙauye ne, a gonar rake ya tashi. Yana saurayi ya kawo mahaifinsa asibitin, aka hana shi shiga, ya nemi kujera ya zauna a bakin ƙofa. Ya daɗe a wurin har baƙi suka fara neman izininsa. Shi kuma da yake an hana shi, sai ya riƙa hana su. Mahaifin ya rasu, ya tafi aka yi zaman makoki, ya dawo ɗaukar bargonsu, ya tarar da mutane sun yi layi suna jiransa. A haka aka fara ba shi albashi. Yanzu gemunsa ya yi fari, 'yarsa Samah tana makarantar jinya da kuɗin kujerar nan, kuma ya san babu mai ɗaukar tsohon da bai iya komai ba sai cewa a'a.

Suna cikin haka sai baranda ta cika. Mutanen ƙauyen Hajji Abdul'al ne, mai gado na kusa da taga, wanda bai san inda kansa yake ba tun da aka kawo shi. A ƙasar nan dubiya wajibi ce; wanda bai zo ba, jikokinsa ma sai an goranta musu. Sun zo mota guda, da gurasa, da tulun zuma, da agwagwa mai rai a hammatar wata tsohuwa.

"Ba mai shiga," in ji Shahata. "Sunaye."

Suka shiga faɗa masa, kowa yana ɗaga murya.

"Ni za ka fara ambata, ni ne ɗan wansa!"

"Ɗan wan da ya cinye masa iyakar gona? Fara da ni, ya Amm!"

"Ke Hajja, agwagwar ma dubiya ta zo?"

"Ita ya fi so a gidan," tsohuwar ta ce.

Ya zura shuɗiyar riga, ya rufe baki da hanci, ya shiga. Ustaza Nirmin ta bi shi da kallo ta gilashi. Ya sunkuya a kunnen Hajjin ya jero masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da agwagwa. Da yake ya riga ya shigo, sai ya bi sauran gadajen yana gaya wa kowa wanda ya zo masa da safe. Wanda ba a zo wa ba, ya ce masa mutanen Hajji suna gaishe shi.

Ya fito ya ce, "Ya ji."

"Me ya ce?" in ji ɗan wan.

"Injinsa ya yi ƙara da na kai kan sunanka."

Ɗan wan ya fashe da kuka. Suka juya gaba ɗaya suka tafi.

Mis Afaf, shugabar masu jinya, ta leƙo. "Ya Ustaza, ki sama masa wuri. Ranar da ya yi zazzaɓi, akuya muka tarar a tsakanin gadaje."

"Wuri uku gare ni," in ji Nirmin. "Ma'aikacin jinya, shi kuma ba shi da takardar shaida. Kayan da ake amfani da su a yar..."

"A'uzu billahi," in ji Shahata.

"Sai na'urar da gadaje suke tarayya a kanta." Ta tsaya, ta ƙare masa kallo. "Kullum kake zagaya su duka?"

"Duka."

"Kana cin wuta?"

"Shayi dai, sukari da yawa."

"Kana ƙara?"

"Bayan azahar minsharinsa ya fi injin numfashi," in ji Mis Afaf.

Nirmin ta ciro 'yar takarda mai gam, irin wadda take manna wa injuna, ta rubuta lamba. Ta rasa inda za ta sa, sai ta manna masa a aljihun jallabiya. Ta ce ba a korar na'ura, sai dai in ta lalace, kuma mai gyara zai riƙa zuwa lokaci-lokaci ya duba shi.

Shahata ya shafa takardar da yatsa. Abu ɗaya ne ya rage masa.

"Na'ura tana zuwa sallar Juma'a?"

"Za a ce an kai ka gyara."

"Da bikin Samah fa, in Allah ya kawo miji?"

"Babban gyara."

Ya gyaɗa kai. Ya ja kujerarsa ya mayar da ita daidai inda take, biyu ciki biyu waje. Daga ƙasan bene aka jiyo wata motar ta tsaya, da hayaniyar mutane, da kukan rago. Ya gyara aljihunsa yadda lambar za ta fito sosai, ya nufi matakala don ya tare su tun kafin ragon ya fara hawa.