Komin waya na Madawa da matuƙin da zazzaɓi ya kama

Da damanar bana mahaifinmu, Malam Nomau, ya cika shekara talatin da biyar da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Mutanen Buza manomi suka san shi, mai gero da 'yan awaki. Kaɗan ne suka san cewa da ƙuruciyarsa shi ne komin waya a Madawa, mai karɓar saƙon telegiram da aika shi. Ni kaina ba a haife ni ba lokacin. Daga bakinsa da na Inna na ji abin da zan faɗa.

Bayan babban yaƙin Turawa akwai wani ƙaramin kamfani mai jirage ƙalilan da ke ɗaukar wasiƙu da 'yan fasinja tsakanin Yamai da Damagaram. An share wani fili a bayan garin Madawa inda jirgin kan sauka ya sha mai. Duk umarnin da biron kamfanin, wato ofishinsu, zai ba matuƙi ta waya yake zuwa, Baba ya rubuta, ya hau keke ya kai masa. Yakan ce bai taɓa kai saƙon da ya ce wa mutum ya huta ba. Kullum maganar ɗaya ce: an makara, a tashi.

Wata rana da hantsi jirgi ya sauka, matuƙin ya fito yana dafa fiffike don kar ya faɗi. Saurayi ne Bafaranshe, zazzaɓin sauro ya kama shi tun a hanya. Makanikinsa, wani mutumin Dahome, ya kwantar da shi a inuwar rumfa. Fasinja biyu suna jira. Aka sanar da Yamai, amsa ta dawo cewa ya sha kinin ya ci gaba. Aka sake bugawa, sai ta dawo da kaushi: in bai tashi yau ba, akwai mai jiran kujerarsa.

Baba ya kai saƙon kamar yadda aikinsa ya ce. Ya ga matuƙin ya kasa riƙe takardar saboda zazzaɓi, makanikin ne ya karanta masa. Duk da haka matuƙin ya yunƙura ya miƙe, ya ce matarsa na da ciki, ba shi da wani aikin in wannan ya tafi. Makanikin ya kalli Baba.

Ɗan ƙasa ba shi da ikon aika maganar kansa ta waya a wancan zamani. Abin da aka ba shi kawai yake bugawa. Baba ya roƙe su su ɗan dakata, ya koma biro, ya zauna ya buga wa Yamai da sunansa. Ya ce shi komin waya na Madawa ya ga mutumin da idonsa, ba ya iya tsayuwa, kuma in jirgin ya tashi ya faɗi, zai shaida gaban kumandan, Baturen mulki, cewa an gaya musu. Can bayan azahar saƙo ya zo cewa jirgi ya kwana.

Inna ce ta dama wa matuƙin kunun tsamiya, aka kai masa masauki. Ya samu sauƙi bayan 'yan kwanaki ya tashi da fasinjansa, kuma bai rasa aikinsa ba, tunda ga shaida a rubuce cewa ba ƙiwuya ya yi ba. Baba ne ya rasa nasa. Kamfanin ya kai ƙara, aka cire shi daga waya aka tura shi Buza ya riƙa rubuce-rubuce a biro. Bai jima ba ya ajiye, ya kama noma. Bai sake ganin matuƙin ba, ko sunansa bai riƙe daidai ba.

Sau ɗaya ya shiga jirgi a rayuwarsa, da ya tafi aikin hajji yana tsoho. Abokin tafiyarsa ya ce suna zama Baba ya tare ma'aikaciyar jirgin yana tambayarta ko direban ya samu barci jiya. An daɗe ana yi masa dariya a kan wannan, shi ma yana taya su.

Abin da ya sa nake yawan tuna shi yanzu shi ne ɗana Sahabi, wanda kakansa ya bari yana rarrafe. Matuƙi ne a wani ƙaramin kamfani mai kai ma'aikata arewa. In ya zo hutu ina ganin yadda wayarsa ba ta barinsa ya gama cin tuwo. Mai tsara tafiye-tafiye ne ke kira daga biro: wane ba shi da lafiya, ka zo ka maye; hadari ne amma zai wuce, ka tashi. Da Baba yana nan, da ya gane muryar nan tun kafin a fassara masa. Amma ina jin da ya yi murna da wasu abubuwa. Yau doka ta rubuta wa matuƙi lokacin hutunsa, kuma in ya ce bai tashi ba, yana da inda zai kai kukansa. Ba kullum ake bin dokar ba, Sahabi ya gaya mini, sai dai akwai ta, kuma 'ya'yanmu ne a kujerar gaba da kuma a biron.

Bara Sahabi ya sauka a gajiye bayan doguwar tafiya, shugabansu ya matsa a sake tura shi. Mai tsara tafiyar, wani yaro Mamman ɗan Tamaske, shi ne ya ce lokacin aikin Sahabi ya cika, ba zai sa hannu ba. An yi masa faɗa, amma yana nan kan aikinsa. Da Sallah Sahabi ya zo da shi gida, na ba Mamman labarin kakan Sahabi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Inna, bai taɓa yin da-na-sani ba?”

Na gaya masa gaskiya. Baba ya yi kewar wayar nan ƙwarai, aiki ne da yake so kuma ya iya. Har ya tsufa, in yana zaune shiru, za ka ga yatsansa yana ƙwanƙwasa tabarma yana buga saƙon da babu mai karɓa. Na taɓa tambayarsa mi yake bugawa haka. Ya yi dariya ya ce ba komai, gaisuwa ce kawai. Amma a kan saƙon ranar nan, ya ce da za a mayar da shi kujerar, shi zai sake aikawa.

Bai bar mana gida na siminti ba, gonar ma mun raba ta ta ƙanƙance. Ya bar mutane huɗu da suka isa gidajensu, da jariri a wata ƙasa wanda ya tashi ya tarar da ubansa. Allah ya haskaka kabarinka, Baba.