Malama Rabi'atu da Kwanar Rimi

Malama Rabi'atu 'yar Gozaki ce. Tun tana ƙarama ita ke korar tsuntsaye a gonar dawar mahaifinta da majajjawa, har ta fi yayyenta maza saiti. Da ta girma ta karanta fiziks, aka ba ta koyarwa a wata sakandaren 'yan mata kusa da Malumfashi. Mijinta Mudi direban babbar mota ne, yana ɗaukar auduga zuwa Funtuwa.

A kan hanyarsa akwai wata kwana da ake kira Kwanar Rimi, wadda direbobi suka yarda aljanu ke kifar da motoci a wurin. Wata ranar kaka motar Mudi ta kife a nan, ƙafarsa ta karye gida biyu. Yana kwance a asibiti yana rantsuwa bai ƙara wuta ba, gudun da ya taho da shi da shi ya shiga kwanar. Masu dubiya suka ce ai shi ke nan, mutanen ɓoye ne.

Rabi'atu ba ta yarda ba. Ta ɗauki igiyar awo ta je ta auna kwanar, ta tarar kwaltar ta karkata waje maimakon ciki. Ta rubuta wa masu kula da hanya, shiru. Shugaban makarantarsu ya kira ta ya ce ta tsaya ga allonta, hanya ba aikin mata ba ne. Ta ce abin da take rubutawa a allon shi ne ya karya mijinta.

Ranar kasuwa ta shiga tasha da majajjawa a jaka. Alhaji Maitama, shugaban direbobi, ya ce ta koma gida ta yi jinya. Ta sa dutse a majajjawar ta fara juyawa bisa kanta, ta tambayi direbobin me ya hana dutsen tafiya. Suka ce igiya. Ta ce haka mota take a kwana: ko gudunta bai ƙaru ba, fuskarta na sauyawa kowane taku, kuma dole wani abu ya riƙa jawo ta ciki. A mota tayoyi ne igiyar. In aka ninka gudu, riƙon da ake bukata sau huɗu yake ninkuwa, ga auduga an jibga har sama. Sai ta saki, dutsen ya miƙe ya bugi kwanon wata rumfa.

"Alhaji, wane aljani ne ya jefa wannan?" in ji ta.

Aka yi dariya, shi kam ya ɗaure fuska. Bayan mako biyu ya aiko mata da fenti da fallen kwano. Ta rubuta gargaɗi da hannunta, direbobi suka kafa shi kafin kwanar.

Ba a jima ba aka mayar da ita wata makaranta a Tsiga, wai ta cika neman magana. Ta tafi, ba ta roƙi kowa ba. Mudi ya warke da ɗingishi, ya koma noman masara. Har yau ba a gyara kwanar ba, wasu kuma na nan kan batun aljanu, amma suna taka birki tun daga nesa. Ita kuwa duk farkon kaka sai ta sake rubuta wa masu kula da hanya takarda, ta kai da ƙafarta, ta tsaya har a buga mata hatimi. Ta bana ita ce ta bakwai.