Ƙyauren da Bai Zama Tebur Ba

Akwai wata Asabar da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina kafinta a shagon Oga Obinna a Sabon Gari. Aikinmu kujeru da gadaje ne, amma Oga yana da abin sha'awarsa na ƙarshen mako: ya samo tsohon katako, ya yi tebur da rezin. Ga wanda bai sani ba, rezin ruwa ne kala biyu da ake gaurayawa a zuba kan katako, ya daskare garau kamar gilashi. In ya kama, ya kama ke nan.

Ni na samo katakon. Ƙyauren zaure ne na wani gida da aka rushe a Fagge, na ɗauko shi a Adaidaita. Oga ya ce kada in kankare shi, tsufan nan yake so, don wani abokinsa mai gidan giya ya riga ya ce teburin nasa ne. Ni mutum ne mai duba abu sau uku, amma ran nan buroshi kawai na sa na kakkaɓe.

Da hantsi muka zuba. Rezin yana ratsa ƙura ya fito da fuskar katako, kamar an jiƙa shi. Ina fasa kumfar da ke tasowa a rezin sai na ga baƙaƙen layuka suna fitowa. Na sunkuya. Bisimilla ce, da tawada, a ƙasanta ayoyi layi huɗu, irin waɗanda tsofaffi kan rubuta a ƙofa don neman tsari.

Firamare kaɗai na yi, amma wannan rubutun na san shi tun ina yaro. Na hango kwalabe a kansa. Na hango wani ya karanta, labari ya tsallaka Fagge, an zo neman shagon da ya yi teburin. Oga Kirista ne, kuma wa zai tsaya jin cewa bai sani ba? Ni na kawo, ni ban duba ba.

"Malam Bukar, ka ga kunama ne?" in ji Oga. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa.

"Oga, Alƙur'ani ne."

Ya zo ya duba. Ya cire safar hannunsa a hankali.

"Zai gogu?"

Na taɓa gefen da tsinke. Ya fara danƙo. "Ya kama."

Ina jira Oga ya ce a shafe da baƙin fenti, ina ta neman yadda zan ƙi. Sai ya ce, "Ƙafafun teburin nan da ka yanka, mayar da su. Wannan ba tebur ba ne. Ina ya kamata ya zauna?"

Na ce, bango.

Da ya ji babu tebur, abokin nasa ya yi fushi, ya ce wasan yara muke yi. Oga bai ba shi dalili ba. Bayan kwana uku muka ɗauki ƙyauren muka kai shi masallacin layin da aka rushe gidan. Oga ya tsaya daga waje. Limamin yana gani ya ce rubutun malaminsa ne, ya gane hannun.

Shi ya sa, ku sababbin shiga wannan sana'a, nake hana ku zuba rezin sai kun fitar da katako rana, kun duba gaba da baya, kun tambayi gidan da ya fito. Kuna cewa na cika tsoro. Haka ne. Tsohon katako ya riga mu zama da mutane, kuma sau ɗaya na ƙi tambayarsa.