Sawun Asabe a Daɓen Inna

Ranar wata Alhamis ce, an gama kai dawa rumbu, a shekarar da na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunnena aka ce na isa shiga firamare. A ranar ne matan unguwarmu, a wani ɗan ƙauye da ke gefen garin Ƙofa, suka taru a gidanmu don yi wa Inna daɓen sabon ɗakinta, saboda tsohon damina ta kwantar da shi. Tun da hantsi aka sallami maza. Babanmu ya saɓa fartanya ya fice kamar mai babban aiki a gona, alhali gonar babu komai cikinta sai kara. Ni kuwa da ya kamata a ce ina aji ina rera baƙaƙen boko, sai ciwon ciki ya kama ni, irin ciwon nan mai hankali da yake lafawa da zarar an daina jin ƙararrawar makaranta.

Tun kafin ranar jakuna sun yi ta kawo jar tsakuwa daga kududdufin bayan gari, an baje ta a ɗakin an jiƙa. An kuma jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa har ruwan ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Shi ne ruwan makuba, shi yake sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Matan suka durƙusa a jere, kowacce da madaɓinta, wani itace mai faɗin ciki da ɗan mariƙi. Goggo Talatu, wadda ba a daɓe a garinmu sai da ita, ta ɗaga murya ta ba da waƙa, sauran suka amsa, madaɓai suka riƙa sauka tare, tim, tim, har ina jin ƙasa tana amsawa a ƙirjina. A cikin waƙar babu mijin da bai sha kashi ba, daga mai rowar cefane har mai minshari. A ranar na gane abin da Baba ya je nema a gonar kara.

Aikina shi ne ɗebo ruwan makuba a ƙoƙo ina miƙawa. Mu biyu ne a kan aikin, ni da wata yarinya mai suna Jebu, 'yar Bafillatanar da take kawo mana nono daga rugar bayan gari. Ta ɗan girme ni, kuma tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “Kaɗo”. Muna cikin jigila sai ƙanwata Asabe, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta sulale daga hannun mai renonta ta shige ɗakin ta bayan matan, ta taka lungun da madaɓi bai kai ba tukuna. Aka sure ta tana dariya. Sai ga sawunta kwance a jar ƙasa, ɗan mitsitsi, yatsu duk sun fito. Goggo Talatu ta ɗaga madaɓi za ta shafe shi, Inna ta riƙe mata hannu ta ce, “Bar mata, Goggo, ai ita ma ta yi nata aikin.” Goggo ta yi mita cewa daɓe mai rami ba daɓe ba ne, amma ta bi ta gefe. Kwanakin da suka biyo baya aka yi ta bugu ana yayyafa makuba, har daɓen ya bushe ya zama kamar dutse, da sawun a cikinsa.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Ba zan tsawaita a nan ba, don ko yanzu ba na son wucewa ta wurin a hankali. Ta shiga gidaje da yawa, ta shigo namu, ta fita da Asabe. Aka kai ta inda ake kai yara, inda damina biyu take isa ta baje ƙasa har uba ya kasa nuna wurin. Lokacin mai hoto bai san hanyar ƙauyenmu ba. 'Yan tsummokinta kuma aka bayar. Mata suka zo suka ba Inna haƙuri, ta karɓa, ta tashi ta ɗora tukunya. Daga nan ban ƙara jin sunan a bakinta ba. In ya zama dole, sai ta ce “yarinyar nan”.

Abin da ta yi shi ne ta ɗinka ɗan ƙaramin faifai ta kife a kan sawun. In tana shara, da ta zo lungun sai ta ajiye tsintsiya, ta ɗaga faifan, ta share wurin da tafin hannunta, ta mayar. Gara kuwa ba ta san makoki ba, duk shekara sai ta cinye faifan, sai an yi sabo. Ni nake tsaga mata kaba, ni nake jiƙawa, ni nake neman basilla in ta ɓace cikin ƙasa. Ana haka hannuna ya faɗa. Sa'o'ina suna can suna langa da gare, ko suna kalar gyaɗa a gonakin da aka cire, ni ina gindin turmi ina ɗinkin faifai. In na kora awaki kiwo, kabata tana aljihu. Labari ya kai makaranta, yara suka laƙaba mini “Mai Faifai”, wani malaminmu ma ya ce in na girma sai a nemo mini miji. Na yi zurfi a karatu, don sai da na kai aji huɗu kafin na ga boko ya samu duk abin da zai samu daga wurina, na bar shi ya huta. Jebu ce kaɗai take duba aikina da gaske, don uwarta tana karɓar faifai ta rufe ƙwaryar nono. Sai ta juya shi sama da ƙasa ta ce, “Kaɗo, wannan a karkace yake kamar bakin mai shi.” Daga baya suka tashi da shanunsu suka yi wajen Burumburum, labarinsu ya yanke.

Inna ta rasu ina da iyali. Ba ta bar mini wasiyya a kan lungun nan ba, ba ta taɓa ce mini komai a kansa ba. Basillarta kawai na tarar a soke a jikin faifan. Na koma ɗakin da zama. Aka cire jinka aka buga kwano, aka shafe bango da siminti, amma daɓen na hana a taɓa. Shekaru suka yi masa abin da suka yi wa haƙorana. Ya farfashe, ɓera ya yi hanyoyi, kunama ta samu gida. Da ta harbi ɗan autan ɗana Sani, sai Sanin ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, don Allah a bari a zuba siminti a sa tayil.” Gaskiya ce da shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce ya ba ni zuwa bayan kaka, in na samu masu daɓe suka gyara, shi ke nan, in ban samu ba ya kawo magina. Na faɗa ne da ƙarfin hali, don na san Goggo Talatu da duk jerin matan nan suna ƙarƙashin ƙasa.

Jikata Hafsatu, wadda take karatu a Kano, ita ta ji tausayina. Ta karɓi wayata ta ce, “Angona, zo in kai ka cikin 'yan'uwanka.” Ta jefa ni wani zaure na cikin waya, na masu son zaman ƙauye da sana'ar hannu. Da farko na ɗauka mahaukata ne. Mutum yana zaune a ƙarƙashin fanka a birni, ya sa hoton akushi da ludayi, ya ce yana kewar ƙauye, mu da muke ciki muna fama da cinnaka. Amma da na saurara sai na ga akwai na gaske. Akwai wani malamin makaranta daga Kiru da yake ɗaura amya yana kiwon zuma. Akwai wata baiwar Allah daga Doguwa, Malama Rabi, da ta koyi kaɗi a wurin kakarta, har yau tana murza mazari. Akwai wani saurayi daga Tudun Wada da yake bin kasuwanni yana tara tsofaffin kayan noma. Hafsatu ta sa hoton faifaina, na zauna ina jiran dariya. Sai ga saƙonni suna shigowa, wannan ya ce a koya masa, waccan ta tambayi da me nake rina kaba. Suka sa mini “Baba Mai Faifai”. Sunan da na sha kuka a kansa a filin makaranta, ga shi ya dawo da rawani. Da na ga haka sai na danna wurin magana na ba su labarin daɓen Inna da sawun da ke ciki, na tambaya ko akwai wanda ya san mai daɓe.

Babu wanda ya sani, amma suka ce za su zo. Wata Asabar bayan kaka sai ga su, wasu a mota wasu a babur, suka cika mana ƙofar gida da gaisuwa. Saurayin nan na Tudun Wada an ce masa ɗorawa ake bukata, sai ya zo da ƙullin daddawa mai yawa, yana murna ya samo mai kyau. Muka yi masa godiya, muka ce ta miya ta samu. Allah ya sa Malama Rabi ta jiƙo ɓawon tun daga gida ta zo da ruwan a jarka. Madaɓi kuwa an neme shi an rasa, sai kafinta ya sassaƙa bisa kwatancena, ya fito da wani abu tsakanin muciya da allo. Ni kuma da na cika waya da bayani kamar ni na haifi Goggo Talatu, da aka tambaye ni yawan ruwan da ake zubawa sai na ga ƙarar kawai na sani.

Muna cikin haka wani yaro ya tsayar da babur, ya sauko da wata tsohuwa a hankali. Ashe yana cikin zaurenmu na waya, ya kunna wa kakarsa saƙona a Burumburum, ta ce sai ya kawo ta. Ta dogara sanda ta ƙare mini kallo ta ce, “Kaɗo, har yanzu faifanka a karkace yake?” Na ce, “Jebu, ke har yanzu ana ƙara wa nono ruwa?” Gwiwarta ba ta durƙuso, sai aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Ita ma yarinya ce a wancan lokacin, guntun waƙar kawai ta riƙe, amma ta riƙa buga sanda a ƙasa tana daidaita musu bugu. Maza da mata suka durƙusa, abin da da Goggo ta gani sai ta suma, suka cike ramuka da jar tsakuwa suka shiga bugu. Hannuwa suka yi kanta, aka yi ta dariya. Can wajen la'asar bugun ya haɗu na ɗan lokaci, tim, tim, na ji shi a ƙirjina daidai inda na bar shi.

Da suka iso lungun, Malama Rabi ta ɗaga faifan da ladabi. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, “Baba, ina sawun?” Suka haska fitilun waya. Babu komai sai ɗan loɓawa kamar cikin cokali. Tafin Inna da nawa sun shafe shi a hankali, ni kuwa ban taɓa lura ba, don ni kullum ina ganin yatsun. Sai Jebu ta ce a kama ta. Aka sauke ta ƙasa tana nishi, ta sa yatsu tana lalube, ta ce, “Ga dunduniya. Ga babban yatsa nan. Ƙafar dama ce, wadda aka ɗaura wa ɗan ƙarau, in tana tafiya yana ƙara.” Wallahi na manta da ƙarau ɗin nan, sai da ta faɗa na ji shi. Ta ɗago ta ce, “Asabe ko?” Rabon da in ji sunan nan a bakin wani tun waccan bazarar. Na ce musu makuba ce ta faɗa mini a ido, suka yi mini kara suka yarda.

Daɓen bai kama ba. Sabuwar ƙasa ta ƙi tsohuwa, kafin wata ya ƙare ya tsattsage kamar fadama da rani. Ni da kaina na kira Sani na ce ya kawo maginansa. Na roƙi a ciro mini lungun a dunƙule, amma da shebur ya shiga ƙarƙashinsa sai ya wargaje ya koma jar tsakuwa, irin wadda jakuna suka kawo. Faifan ƙarshe na aika wa Jebu ta rufe ƙwarya, ta aiko jikanta ya gaya mini ya iso, kuma a karkace yake.

Yanzu ɗakin fes yake, fari ƙal, ba kunama ba gara, tsintsiya ma ba ta shan wahala. 'Yan zaurenmu suna nan, wasu Asabar ɗin sukan zo mu baje kaba a zaure, ina koya musu abin da aka yi mini dariya a kansa, su kuma suna koya mini inda ake dannawa. Da can mata ne suke taruwa su durƙusa su daki ƙasa da waƙa har ta zama ɗaki, yanzu mutum biyu da guduma sun gama kafin azahar. Kwanan baya 'yar ƙaramar jikata ta kufce daga wurin wanka, ta shigo da gudu da jiƙaƙƙun ƙafafu, ta bar sawu a kan tayil, yatsu duk sun fito. Na buɗe baki in kira wani ya zo ya gani. Kafin in tuna wa zan kira, ya bushe.