Gwaggon Asibiti da Allurar Wata Uku

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana share ƙaramin asibitin unguwa, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Gwaggon Asibiti. Ita ke buɗe ƙofa da safe, ta wanke bencina, ta goge ƙasa da ruwan magani, ta ƙona shara a bayan katanga. Ba ta yi boko ba, amma duk abin da nas ke faɗa wa mata a ɗakin awo yana shiga kunnenta tana matse tsumma.

Haihuwarta bakwai, biyar ke raye. A ta bakwai jini ya ɓalle mata har sai da aka ƙara mata leda biyu. Likita ya ja mijinta gefe ya ce kada a sake. Mijin, mai facin taya ne a bakin titi, ya dawo gaban gadonta.

"Ni dai taya na iya liƙewa," ya ce. "Idan ke kika fashe, ban san inda zan sa faci ba."

Ƙwayar hana ɗaukar ciki ba ta karɓe ta ba saboda hawan jini. Ana cikin haka aka kawo wasu kwalaye asibitin, a ciki akwai allurar tazarar haihuwa wadda mace ke yi wa kanta, sau ɗaya a wata uku. 'Yar mitsitsiya ce, maganin na cikin wata 'yar jakar roba, tsininta bai kai gaɓar yatsa ba. Nas ta tara mata tana nuna musu: a girgiza, a danna murfin ya haɗe, a matso fatar cinya, a soka, a matsa a hankali. Matan suka yi tsuru-tsuru. Gwaggo ta jingine sandar gogenta ta ce, "Sista, fara da ni, su ga ba mutuwa ake yi ba."

A gabansu ta soka wa kanta. Aka ba ta guda uku ta tafi da su gida, ta ɓoye a gwangwanin zare a saman sif.

Shekara huɗu ke nan da ta fi jin daɗinsu a rayuwarta. Ta yi ƙiba, bayanta ya daina ciwo, autarta ta yi wayo ba ƙani a bayanta. Matan layinsu masu jin kunyar zuwa asibiti sukan leƙo ɗakinta da rana, wai aron almakashi. Sai ta saki labule ta nuna musu yadda ake yi a jikin matashin kai, ta tura su wajen Sista. Mijin kuwa idan ya ga takalma a ƙofa sai ya yi gyaran murya ya ce, "Likita na ganin marasa lafiya, bari in dawo."

Sannan kwalayen suka fara raguwa. Da farko aka koma ba kowace mace ɗaya maimakon uku. Daga baya aka ce sai wadda ta taɓa karɓa. Wata safiya Gwaggo ta shiga sito za ta yi shara, ta tarar da kantar wayam.

"Sista, sun ƙare ne?"

"Waɗanda ke aiko mana sun janye, Gwaggo. Na rubuta takarda sau uku."

"Me suka ce?"

"A yi haƙuri."

Ta hau mota zuwa babban asibiti, ta wuni a layi, aka ce ko irin wadda ake sawa a dantse babu. Mai kemis ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ta dawo suka koma lissafin kwanaki, ita da mijin, suna yin alama a jikin kalanda. Kwaroron roba ma yau a samu, gobe babu. Sun yi iya yinsu har wata bakwai.

Ranar da warin ruwan maganin goge-goge ya tayar mata da zuciya ta yi amai a bokiti, ba ta bukaci gwaji ba. Sista ta fito ta same ta durƙushe. Nas ɗin ta ɗebo ruwa ta miƙa mata, ta juya fuska tana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Mijin da ya ji, sai ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Ki yafe mini," ya ce.

"Laifin me ka yi, Baban yara? Tare muka ƙirga."

Tana da shekara arba'in da biyu ta ɗauki cikin nan, ƙafafu a kumbure, tana shara tana hutawa a benci. A wata na takwas aka yi mata aiki. Yaron ya zo da rai, ƙarami kamar ɗan mage, ya kwana tara ya koma. Ita ta tashi, amma hannunta na hagu bai sake riƙe abu da ƙarfi ba, kuma idan ta sunkuya sai jiri ya kwashe ta. Asibiti suka jira ta wata uku, suka ɗauki wata mai shara.

Yanzu tana gida, tana zama a ƙofar ɗaki tana tsince wa maƙwabta wake da hannu ɗaya. Mijin ya rage raha. Kwanan baya babbar 'yarta ta zo, goyo a baya, wani yana jan zaninta, ta zauna kusa da ita ta yi ƙasa da murya.

"Inna, allurar nan taku, har yanzu ba a kawo ba? Wallahi na gaji."

Gwaggo ta dubi fuskar 'yar, wadda ko ashirin da uku ba ta cika ba amma idanunta sun faɗa.

"Ki je ki tambayi Sista," ta ce. "Wataƙila."

"Jiya na je. An yi mata canjin wurin aiki. Ɗakin ma a kulle yake."

Gwaggo ta miƙa hannunta mai lafiyar ta kwance goyon, ta ɗora jikan a cinyarta, ta ce wa 'yar ta shiga ciki ta ɗan kwanta kafin ya farka.