Auren Kifayen Kawu Ila

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Ila a Sabon Gari ya san dokarsa: kafin ka gai da mai gida, sai ka gai da kifi. Akwatin gilashi ne a zaure, daga Kano ya ɗauko shi bayan rasuwar matarsa, Inna Hadiza. Shekara arba'in suka yi ba haihuwa, bai kuma taɓa ƙara aure ba. "Kafin in mutu," in ji shi, "sai an haihu a gidan nan, ko da kifi ne."

Matsalar Kawu, ba ya haɗa iri ɗaya. Amarya jar kifi ce 'yar kanti, mai wutsiya kamar mayafi; ango kuwa karfasa ne daga tafkin Madarunfa. Ni na zuga shi, Allah ya yafe mini. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya, inda kullum ɗiyar mai kuɗi ke ƙarewa a hannun talaka.

Na ce, "Kawu, dubi yadda yake bin ta!"

Ya ce, "Ke ma kin gani ko, ɗiyata?"

Ashe wutsiyarta yake ci.

Har goro Kawu ya raba. Liman ya ƙi zuwa ɗaurin auren, Kawu kuwa ya yi wata guda yana hawan kabu-kabu zuwa masallacin wata unguwa.

Kwana tara amarya ta yi, ta mutu. Kawu ya ce ango ne ba tarbiyya, ya sa aka soya shi. Ya sayo sabuwar amarya, ya aika Tsibiri aka kawo masa tarwaɗa "mai natsuwa". Wayyo! Washegari muka tarar da ango shi kaɗai, ciki ya yi ƙato. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To, wannan dai ya so ta."

Da amare suka kai biyar, na ɗauko Mushe Sani (Mushe muke kiran malaman boko a nan), wani malamin kiwon kifi daga Jiratawa.

Ya ce, "Baba, jar nan a kan ciyawa take watsa ƙwai, macen karfasa kuwa a baki take riƙe nata. Ko rawar neman aurensu ba ɗaya ba ce. Kuma ko ruwan namijin ya taɓa ƙwan, ƙwai ba ya karɓar wanda ba irinsa ba. Akuya da tunkiya garke ɗaya suke, ka taɓa cin sunan ɗansu?"

Kawu ya ce, "Jaki da goɗiya fa? Alfadari daga sama ya faɗo?"

"Su dangi ne na kusa. Shi ma alfadarin ai ba ya haihuwa."

Mushe ya gane a gidan wa ya faɗi haka.

Bayan kwana biyu ya dawo da karfasa biyu a bokiti, mace da namiji. "Baba, wata biyu kawai, za ka ga 'ya'ya."

Kawu ko leƙa bokitin bai yi ba. "Mayar da su, Mushe. Waɗancan in ba su haihu ba, ai ka riga ka ba ni dalili. Ni da Hadiza fa iri ɗaya ne, ruwa ɗaya. In waɗannan ma suka ƙi, wa zan tambaya?"

A bazarar nan ya kwanta, bai tashi ba. Ba a haihu a gidan ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ila, ya sanyaya kabarinsa, ya sada shi da Inna Hadiza inda babu mai tambayarsu ina 'ya'ya. Amin.